Wasiƙa: A fara da wayar da ke aljihun malami kafin a sayo kwalayen kwamfuta

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana malaman makaranta, musamman mu na firamare da ƙaramar sakandare, sannan in yi kira ga hukumomin da ke kula da mu. Maganar kuwa ita ce ta kayan koyarwa da ke intanet, wanda kullum sai ka ji manya a taro suna cewa zamanin fasaha ya zo, dole malami ya tafi da zamani, amma babu mai zama ya faɗa ma malamin ƙauye takamaimai ina zai shiga, me zai ɗauko, kuma da wace data da wane caji.

Duk lokacin da aka ce za a kawo fasaha makaranta, abin da ke zuwa ran masu mulki shi ne kwangila, a sayo kwamfutoci a kwali a kawo a ɗauki hoto. Na san wata makaranta da aka kai ma kwamfutoci masu kyau, har yau suna kulle a sito saboda babu wuta, babu janareta, babu wanda aka koya ma yadda zai kunna su, shi kuma hedimasta bawan Allah tsoro yake kar ɗaya ta ɓace a ce shi zai biya daga albashinsa, toh wa zai ga laifinsa? Alhali a wannan makarantar kusan duk malamin da ka taɓa yana da wayar Android a aljihu, ko da mai fasasshen gilashi ce, ya iya WhatsApp, ya iya tura bidiyo ta Xender, ya iya sauraron wa'azi da labarai. Wannan wayar ita ce kayan aikin da muke da shi a hannu yau, ita ya kamata a fara ginawa a kai.

Kuma a fahimce ni, ba ina cewa a ɗaga waya a gaban aji yara su kalla ba. Ajin da ke da yara ɗari ko fiye, rabi a ƙasa a zaune, wa zai hango abin da ke fuskar waya? Amfanin wayar na malami ne, da daddare ko bayan la'asar, lokacin da yake shirya darasin gobe. Ya duba, ya fahimta, ya kwafa a littafinsa, gobe ya zo da alli ya zuba a allo. Malamin da ya shigo aji ya san abin da zai koyar daban yake, yara ma suna ganewa tun daga yadda ya tsaya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne karatun Hausa a ƙananan azuzuwa. Muna ta kukan babu littattafai, kuma gaskiya ne babu, amma akwai labaran yara da Hausa kyauta a intanet waɗanda yawancinmu ko sunansu ba mu taɓa ji ba. Akwai African Storybook, wanda wata ƙungiya mai suna Saide a Afirka ta Kudu ta kafa, labarai ne gajeru masu hotuna a harsunan Afirka da yawa har da Hausa, an kasa su mataki mataki daga na mai fara haɗa baƙi zuwa na wanda ya fara gudu a karatu, kana iya sauke su a waya ka karanta ba tare da data ba, ko ka kai shago a buga maka a takarda. Akwai StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, akwai Bloom Library, akwai Global Digital Library, duk za ka samu na Hausa a ciki. Wasu labaran fassara ce kuma Hausar wani lokaci ba ta zauna daidai ba, wannan sai malami ya gyara da bakinsa yayin da yake karantawa, amma wallahi ko labari ɗaya ka rubuta a allo a mako yara suka bi ka suna karantawa, aka yi musu tambayoyi a kai, ya fi a wuni ana rera A B C D ba tare da yaro ya san me harafin ke yi a cikin kalma ba. Waɗanda suka yi aiki da shirin koyar da yara karatu da Hausa na RANA a Katsina da Zamfara, ko Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, sun san abin da nake faɗa, yaro in ya fara da harshen da yake magana da shi a gida karatun na saurin kama shi, daga baya Turancin ma ya zo masa da sauƙi. Abin takaici shi ne irin waɗannan shirye shirye in masu ba da tallafi suka tattara suka tafi sai littattafan su yage, horon ya tsaya, sabbin malaman da aka ɗauka ba su san an taɓa yi ba. Me zai hana hukumomin ilimin matakin farko na jihohi, wato SUBEB, su zuba waɗannan littattafai da jagoran malami a inda kowane malami zai iya saukewa a wayarsa?

Sai kuma Nigeria Learning Passport, wanda ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Kyauta ne, akwai darussan firamare da sakandare, akwai ma waɗanda aka yi da Hausa. Amma ka shiga ofishin malamai a ƙauye ka tambaya, sai ka ga ana kallonka. Abu ne na gwamnati, an kashe kuɗi an yi shi, amma sanarwarsa ta tsaya a Abuja da manyan birane.

Ga malaman kimiyya da lissafi kuwa, su ne ma suka fi kowa samun garaɓasa. Makarantunmu nawa ne ke da ɗakin gwaji mai aiki? Akwai PhET na Jami'ar Colorado a Amurka, wanda Carl Wieman mai lambar Nobel a kimiyyar fiziks ya fara a 2002, za ka haɗa batir da wayar wuta da ƙwan fitila a fuskar wayarka ka ga wuta ta kama, ka ƙara batir ka ga haske ya ƙaru, ka yanke wayar wutar ka ga ya mutu. Malamin da shi kansa haddace abin ya yi a kwalejin ilimi bai taɓa gani ba, in ya yi wasa da wannan na minti ashirin, gobe zai iya sayen batir biyu da ƙaramin ƙwai a kasuwa ya nuna ma yara da hannunsa. Akwai GeoGebra na zane zanen lissafi, akwai Khan Academy mai bayani dalla dalla, duk da shi Turanci ne kuma bidiyo ne yana shan data sosai. Akwai kuma TESSA na Open University ta Ingila, wanda shi kacokan don malaman Afirka aka yi shi, yadda za ka tafiyar da babban aji, yadda za ka kasa yara rukuni rukuni, yadda za ka yi kayan koyarwa da murafen kwalba da tsakuwa da kwali.

Toh amma duk wannan daɗin bakin yana cin karo da abu biyu, data da caji. A watan Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi an mai da shi naira 70,000 a 2024, kuma kowa ya san malaman firamare da ke ƙarƙashin ƙananan hukumomi su ne ake bari a baya wajen aiwatarwa a wurare da dama. Mutumin da ke lissafin kwanon masara da kuɗin mashin zuwa makaranta ba za ka ce masa ya sayi data ya kalli bidiyon lissafi ba, in ya yi sau ɗaya don kishi ba zai iya yi kullum ba. Sannan ga kuɗin caji a shago, ga sabis da sai ka hau tudu ko ka je bakin titi.

Shi ya sa nake ganin dabarar da ta fi dacewa da mu ita ce a sauke sau ɗaya a raba ma kowa. Mutum ɗaya in ya shiga gari inda sabis ke da ƙarfi ya sauke, ya dawo ya tura ma sauran ta Xender ko ya zuba a memori, ba a sake kashe ko kwabo. Akwai ma manhajojin da don haka aka ƙirƙire su, irin su Kolibri, wanda ake ɗora shi a tsohuwar laftof guda ɗaya, wayoyin da ke kusa su jona su ɗauki darasi ba tare da intanet ba, da Kiwix mai ba ka damar ɗaukar Wikipedia ka ajiye a waya, har da ta Hausa. Laftof ɗaya, farantin sola ɗaya da batir, da 'yar ƙaramar sifika mai bulutut don yara su ji yadda ake furta sautukan Turanci daidai, musamman ga waɗanda suka yi bitar Jolly Phonics, wato tsarin koyar da karatu ta sautukan haruffa, wannan kuɗinsa bai kai na kwalayen da ake kullewa a sito ba kuma kullum za a yi amfani da shi.

Na san za a ce ai Edo ta raba ma malamanta tabulet tun 2018 a shirin EdoBEST zamanin Gwamna Obaseki, Legas ma ta bi da EKOEXCEL, Kwara da KwaraLEARN. Haka ne, kuma akwai abin koyi a ciki, domin ba tabulet kawai aka miƙa ba, an haɗa da horo, da darasin kowace rana a rubuce, da masu zagayawa suna duba aiki, har zuwan malami da tashinsa na'urar na nunawa. Abin da ban so a tsarin shi ne malami ya koma mai karanta abin da aka rubuta masa kalma da kalma, ko yaro ya gane ko bai gane ba a wuce. Mai rubuta darasin yana can ofis, bai san yau ranar kasuwa ce rabin ajin ba su zo ba, bai san Hausa yaran ke ji ba. A ba malami jagora, amma a bar masa hankalinsa.

Ina kuma tuna abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da gwamnatin El-Rufa'i ta yi ma malaman firamare jarrabawa aka ce sama da 21,000 sun faɗi aka sallame su. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, amma ni abin da na ɗauka shi ne akwai malamai da yawa a cikinmu da ke buƙatar a sake koya musu abin da suke koyarwa, kuma kunya ba za ta bar babban mutum mai iyali ya je ya ce ma abokin aikinsa ban iya raba lamba mai ɗigo ba. Waya ba ta yi maka dariya, ka maimaita bayani sau goma a ɗakinka babu wanda ya sani. Cibiyar NTI da ke Kaduna tun 1976 aikinta kenan horar da malamai daga nesa, da ita da hukumar rajistar malamai ta TRCN da hukumar ilimin matakin farko ta tarayya UBEC ya kamata su riƙa fitar da gajerun darussa na murya da Hausa, minti biyar biyar, marasa nauyi, waɗanda za su yi yawo a guruf guruf na WhatsApp. Lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu ai jihohi sun yi darasi ta rediyo kuma an saurara, ina waɗannan faifan suke yanzu?

Mu ma malamai akwai namu gyaran. Guruf ɗinmu na WhatsApp ya cika da jita jitar ƙarin albashi da saƙon barka da Juma'a, ba laifi ba ne, amma da wuya ka ga wani ya ɗauki hoton allonsa ya ce ga yadda na koyar da kaza yau, ku gyara min. Wasu kuma suna zaune a aji suna hira a waya yara na ta surutu. Sannan wannan ɗabi'a ta ɗaukar bidiyon yaro don ya kasa karatu ko ya yi kuskuren Turanci a watsa a TikTok da Facebook ana dariya, dan girman Allah a daina, amana ce iyayensa suka ba mu, kuma abin da ya hau intanet ba ya sauka, yaron zai girma ya tarar da shi.

Sai batun ChatGPT da Meta AI da ke cikin WhatsApp, wanda na ga matasan malamai sun rungume shi wajen rubuta tsarin darasi. Yana taimakawa, ba musu, musamman wajen fitar da tambayoyin gwaji da sauri. Amma yana kuskure kuma da ƙarfin hali yake yin sa, zai ba ka amsar lissafi ba daidai ba ko ya kawo misali da abin da yaranmu ba su taɓa gani ba, Hausarsa kuma wani lokaci sai ka karanta sau biyu ba ka gane ba. Duk abin da ya ba ka ka auna shi da manhajar karatu ta ƙasa da hukumar NERDC ke tsarawa da littafin da ke hannunka, ka warware lissafin da kanka kafin ka kai allo. Kar sunanka na kan tsarin darasin amma kai ba ka san me ke ciki ba.

Wani abin da ke sa nake ganin lamarin nan na gaggawa ne, tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta, WAEC ma ta fara a 2024 da masu zana ta ƙashin kansu. Yaranmu na karkara da yawa ranar jarrabawar ce ranar farko da suke ɗora hannu a kan kwamfuta, yaro ya san amsa amma hannunsa na rawa lokaci na tafiya. In malaminsa ma tsoron na'urar yake, wa zai cire ma yaron tsoro?

Roƙona ga gwamnonin jihohinmu da shugabannin SUBEB da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi shi ne a sa ma malamai ɗan alawus na data kowane wata, a sa sola ko da ta cajin waya ce a kowace makaranta, bitar da ake yi kuma a daina yin ta a otal ga mutum biyar 'yan gaban goshi, a kawo ta mazaɓa mazaɓa, da Hausa, kowa da wayarsa a hannu ya sauke abu ya gani da idonsa kafin a tashi. Ƙungiyarmu ta malamai NUT ita ma ta sa wannan cikin abin da take nema, kwamitocin al'umma masu kula da makarantu na SBMC da tsofaffin ɗalibai kuma in za su taimaka ma makaranta su tambayi malamai tukuna me suke buƙata.

Ku ma Edita ga naku, dan Allah ku ware mana ko rabin shafi ne a mako, malami ya rubuto abin da ya gwada a ajinsa da inda ya samo shi, ku buga, mu kuma za mu ɗauki hotonsa mu watsa a guruf ɗinmu ya kai ga waɗanda jarida ba ta isa garinsu.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin firamare, daga Funtuwa