A tuna da Ivan Mauger, gwanin tseren babur marar birki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a jaridarka mai farin jini, domin mu tuna da wani ɗan tsere da shafukan wasanninmu ba su cika ambata ba. Sunansa Ivan Mauger, ana furta sunan kamar "Meja". An haife shi a birnin Christchurch na ƙasar New Zealand ranar 4 ga Oktoba, 1939, ya rasu a Gold Coast ta Ostireliya ranar 16 ga Afrilu, 2018, yana da shekara 78. Sau shida ya zama zakaran duniya a tseren da ake kira sifidwe: 1968, 1969, 1970, 1972, 1977 da 1979. Wanda bai san yadda wannan tsere yake ba zai ji lissafin ya wuce, don haka sai mun fara da babur ɗin da filin kafin a gane nauyin abin da mutumin ya yi.

Babur ɗin sifidwe ba shi da birki, gaba da baya. Giya ɗaya ce tal, ba a sauyawa. Injinsa silinda ɗaya ne mai cc 500, kuma ba ya shan fetur, metanol yake sha. A dokar yanzu nauyinsa ba zai gaza kilo 77 ba. Filin zagaye ne mai siffar ƙwai, tsawonsa tsakanin mita 260 zuwa 425, an shimfiɗa masa dakakken tsakuwa da ƙasa, ana yayyafa ruwa. Mutum huɗu ne ke fita a kowane karo, su yi zagaye huɗu suna karya kwana ta hagu kaɗai, cikin abin da bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ba. Na ɗaya maki uku, na biyu maki biyu, na uku maki ɗaya, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Ana bambance su da kalar hular kwano: ja, shuɗi, fari da rawaya. A zamanin Mauger dare ɗaya ake yanke zakaran duniya: mahaya 16, karo 20, kowa ya hau sau biyar, cikakken maki 15. Fulogi ɗaya ya ƙi, ko sarƙa ta tsinke sau ɗaya, wahalar shekara guda ta tafi.

To yaya ake shan kwana ba birki? Mahayi yana shigowa da gudu, ya karkata babur ɗin, ya sa tayar baya ta zame ta fita gefe, ya miƙa ƙafar hagu gaba tana jan ƙasa. Ƙafar na sanye da takalmin ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙarƙashin but. Zamewar nan ita ce birkin, ita ce kuma sitiyarin. Abin da ke kayar da sabon shiga shi ne tsoro: da ya ga katanga na matsowa sai ya saki totur a tsakiyar kwana. Da ya saki, tayar da ke ta juyawa a banza sai ta kama ƙasa farat ɗaya, babur ya miƙe tsaye, ya nufi katangar da ake gudu ko ya wurgar da mai shi ta sama. Dole hannu ya tsaya kan totur a daidai lokacin da zuciya ke cewa a saki. Shi ya sa ake ɗaura wata 'yar igiya daga wuyan hannun mahayi zuwa makunnin wuta, yana faɗuwa ta fizge, inji ya mutu, kada babur ya ci gaba da gudu ba kowa a kai.

Mauger ya taso a garin da ya riga ya fitar da zakarun duniya biyu, Ronnie Moore da Barry Briggs. Ya bi sawunsu zuwa Ingila a 1957 yana ɗan shekara 17, ya shiga ƙungiyar Wimbledon a Landan, inda su biyun ke haskawa. Bai yi abin a zo a gani ba. Bayan kaka biyu ya tattara ya koma gida, ya shafe shekaru yana gogewa a filayen New Zealand da Ostireliya. Sai 1963 ya dawo Ingila, wannan karon ƙungiyar Newcastle a ƙaramin rukuni, ya ci kofin gwanin mahayan rukunin a 1963 da 1964. Ya fara zuwa wasan ƙarshe na duniya a 1966 ya zo na huɗu, a 1967 ya zo na uku. Daga 1966 har 1979 bai taɓa rasa wasan ƙarshe ba, sau 14 a jere.

Abin da muke so masu karatu su riƙe game da shi yana wajen tashi ne. A sifidwe wanda ya riga shiga kwanar farko shi ke da mafi yawan rabo, domin na baya ƙasa da tsakuwa yake sha a fuska, ga filin ba faɗi. Mahaya huɗu suna jeruwa a bayan wani zare da aka gicciya, alƙali ya danna, zaren ya yi sama, a saki kuloci. Duk abin bai kai ƙiftawar ido biyu ba, amma aikin da ke cikinsa da yawa. Kafin a jeru za ka ga mahayi ya sauko yana tonon ƙasa da diddigen takalminsa, yana gyara ramin da tayar baya za ta zauna, yana tura sassauƙar ƙasa ciki yana dannawa. Idan ramin ya yi santsi taya za ta yi ta juyawa a wuri ɗaya abokan hamayya su wuce. Idan kamun ya yi yawa kuma tayar gaba ta ɗaga sama, dole ya rage wuta, nan ma an bar shi. Maganin ɗagawar shi ne ya kwanto da ƙirjinsa kan hannun babur lokacin tashi, sannan ya ja jiki baya da zarar babur ya miƙa don nauyi ya koma kan tayar baya. Kulocin busasshe ne, ba ya cikin mai. In aka riƙe shi da inji a sama na tsawon lokaci faifansa su yi zafi, ya fara jan babur gaba tun ba a saki ba, ko ya yi ta sulɓi bayan an saki. Don haka ake kwance shi tsakanin karo da karo a goge faifan a duba sifirin. A wannan fanni aka fi sanin Mauger. Yana nazarin alƙalin da ke sakin zare, yana duba wace ƙofa ce, wato gurbin da mahayi ke tsayawa a bakin zare, ke ba da nasara a daren, kuma a lokacinsa doka ba ta tsananta kan motsi a bakin zare kamar yanzu ba, ya kuwa yi amfani da wannan sassauci iyakar iyawarsa. Masu kallo da yawa a Ingila ba su so hakan ba, sun fi son mahayin da zai taso daga baya ya kutsa. Mu a ganinmu ba laifi ba ne mutum ya fi kowa sanin inda ake cin tsere.

Haka yake a wajen gyaran babur. Tunda giya ɗaya ce, abin da ake wasa da shi shi ne faifan haƙoran da sarƙa ke hawa a tayar baya. Ƙarin haƙori ɗaya ko ragin ɗaya na sauya yadda babur ke fita daga kwana. Filin kuma ba ya zama yadda aka fara. Da farkon dare ƙasa na kwance ko'ina, akwai kamu. Ana cikin tsere tayoyi na watsa ta waje, layin ciki ya zama fayau kamar daɓe, ƙasar ta taru can kusa da katanga. Wanda ya bar babur ɗinsa yadda ya fara da shi zai ga inji na ihu amma ba ya gaba. A irin wannan hali ana rage haƙori, a ɗan ja lokacin wutar fulogi baya don inji ya lafa, a matso da tayar baya gaba kaɗan don ta ƙara kamu, a duba iskar taya. Ita kanta tayar bayan gefe ɗaya take ci, shi ya sa ake juya ta a samu sabon kaifi. Metanol ma da nasa hali: inji na shan kusan ninki biyu na abin da zai sha na fetur, don haka ramin mai na kafireta ya fi faɗi. Yana jan danshi daga iska in aka bar jarka a buɗe, kuma in ya kama wuta da rana da ƙyar ake ganin harshenta. Mauger ya yi yawancin nasarorinsa a kan injin Jawa na ƙasar Czechoslovakia, ya kuma ɗauki kula da kayan aiki, da motsa jiki, da tsara tafiye-tafiye a matsayin sana'a, a lokacin da mahaya da yawa ke ganin ƙarfin hali ya wadatar.

Kofinsa na farko ya ci shi a Gothenburg ta Suwidin a 1968 da cikakken maki 15. Ya maimaita a Wembley a 1969, ya cika na uku a jere a Wrocław ta Poland a 1970, nan ma da maki 15. Wasu Amurkawa biyu, George Wenn da Ray Bokelman, sun yi alkawarin in ya ci uku a jere za su lulluɓe babur ɗin da zinariya, kuma suka cika. Babur ɗin yana hannun gidan tarihi na Canterbury a garinsu Christchurch. A 1972 a Wembley sai da aka yi karon raba gardama tsakaninsa da Bernt Persson na Suwidin kafin ya ɗauka. A daren ne Barry Briggs ya yi mummunar faɗuwa har ya rasa yatsa.

Shekarar da ta biyo baya ta nuna cewa shi ma mutum ne. A Chorzów a 1973, gaban dubban 'yan Poland, ya yi kunnen doki da ɗan ƙasar, Jerzy Szczakiel. A karon raba gardama Szczakiel ya riga shi tashi, wato ya doke shi a inda ya fi ƙarfi. Mauger ya matsa zai wuce ta ciki, ya taɓa babur ɗin na gaba, ya faɗi, kofi ya tafi. Ya zo na biyu a 1971, 1973 da 1974, har aka fara cewa zamaninsa ya wuce, ga matasa irin su Peter Collins sun taso da sababbin injina masu bawul huɗu. Sai ya ci na biyar a Gothenburg a 1977 cikin ruwan sama, ya kamo Ove Fundin na Suwidin a yawan kofuna. A 1979 ya koma Chorzów ɗin da ya faɗi, yana da shekara 39, ya ci na shida. Tony Rickardsson na Suwidin ne ya fara kamo wannan adadi, a 2005.

Bai tsaya nan ba. Ya ci kofin duniya na dogon fili, inda zagaye ya kai kusan kilomita ɗaya, a 1971, 1972 da 1976. Ya ci kofin rukunin Birtaniya da Belle Vue ta Manchester sau uku a jere daga 1970 zuwa 1972, ya koma Exeter ya ci da su a 1974, daga baya ya hau wa Hull. A 1979 ya jagoranci New Zealand ta ci kofin ƙasashe na duniya a Landan. Shi ne kuma ya ɗauko wani matashi ɗan Denmark, Ole Olsen, ya kai shi Newcastle ya koya masa sana'ar. Olsen ɗin ne ya tare masa hanya a 1971, ya hana shi cin na huɗu a jere, ya kuma ƙara wasu biyu a 1975 da 1978. Bayan Mauger ya ajiye tsere a tsakiyar shekarun 1980 ya ci gaba da shirya gasa da horar da matasa, har rashin lafiyar da ta taɓa masa magana da tunani ta kwantar da shi a shekarunsa na ƙarshe. Ronnie Moore, wanda Mauger ya bi sawunsa zuwa Ingila, kuma suka ci kofin duniya na 'yan bibbiyu tare a 1970, ya rasu wata huɗu bayansa.

Malam Edita, roƙonmu shi ne shafin wasanni ya riƙa leƙa irin waɗannan wasanni lokaci zuwa lokaci. Cikin masu karanta jaridarka akwai kanikawan babur da masu sana'ar haya da shi, waɗanda in aka yi musu bayanin kuloci da haƙoran sarƙa da iskar taya za su gane tseren nan fiye da mai kallon da bai taɓa riƙe sifana ba. Har yanzu ana yin gasar duniya duk shekara, yanzu a zagaye da dama maimakon dare ɗaya, kuma rukunin Poland shi ne mafi ƙarfi da yawan 'yan kallo. Duk wanda ya samu hoton bidiyon wasan Chorzów na 1979 ya kalli hannun hagun Mauger a kan kuloci kafin zare ya tashi.

Mun gode da wannan fili.

Naka,
Wasu masu bibiyar tseren babura