Zuwa ga ƙawata a Fatakwal

Assalamu alaikum Hajiyata, ya jiki, ya yara da babansu? Naji likita yace sati mai zuwa za'a fara miki kemo, wato ruwan maganin ciwon daji, Allah yasa kaffara ne. Nace bari in rubuto miki don a waya kuka kawai muke yi bama gama magana.

Ko kin manta komai dan Allah ki riƙe maganar zazzaɓi. Kinsan halinmu, da jiki yayi zafi sai ace maleriya ce a tura yaro kemis, to a kan kemo wannan ganganci ne. Maganin yana karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, kuma sunfi yin ƙasa wajen kwana 7 zuwa 14 bayan an saka miki ruwan, daidai lokacin da amai ya lafa kina ganin kin fara samun kanki. Ki sa Alhaji ya siyo abin auna zafin jiki tun yanzu. In ya nuna digiri 38 ko kina rawar ɗari, ko ƙarfe biyun dare ne ku tafi asibiti kice musu kina kan kemo, kuma kar ki sha farasitamol kafin ki auna don yana ɓoye zafin. A kwanakin nan ne kuma masu dubiya suke cika ɗaki, wannan na tari wancan ya kawo yaro mai mura, ni dai lokacin da nayi nawa kemon ƙanwata na ajiye a falo tana amsa gaisuwa, wanda zai ji haushi yaji.

Maganin amai ki sha a kan lokaci yadda aka rubuta, kar ki jira sai zuciya ta fara tashi. Ondansetron ɗin, wato maganin aman, yana sa bayan gida ya yi tauri, sai ki yawaita ruwa da gwanda. Ni ƙamshin suyar albasa ma tada min zuciya yake, koko da kunun gyaɗa da shayin citta su suka riƙe ni, kaɗan kaɗan duk bayan awa biyu. In bakinki ya fara jin ɗanɗanon ƙarfe ki koma cokalin roba, in ya fashe kuma ki dinga kurkurewa da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Fura da nonon talla, salak da tsiren bakin titi ki haƙura dasu tukuna, nasan ke da tsire sai Allah.

In jan nan za'a saka miki, doxorubicin, fitsarinki zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, ba jini bane. Gashi kuma sati biyu zuwa uku zai fara zuba, gara ki tsefe kitson ki rage shi da kanki da ki tashi ki ganshi a kan filo. Yana dawowa bayan an gama.

Za'a yi ta kawo miki jiƙo da sassaƙe, kowa da labarin wadda ta warke. Ki karɓa kiyi godiya amma kar ki kai baki sai likitanki ya sani, hanta da ƙoda aiki ya riga yayi musu yawa. Haka azumin Litinin da Alhamis ɗinki, ki ajiye shi har ki gama.

Ki turo min ranar da aka saka miki in kira da daddare. Mama tana gaisheki tana ta miki addu'a, ki shafa min kan auta.

Taki har kullum.