Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ƙanena da ya yi mini tambaya a Agege

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ranar Asabar, a taron ɗalibanmu na Agege, ina bayani kan wasu ma'adanai da ƙananan maganaɗisun da ke cikinsu suka kasa daidaita kan tsari guda, ka miƙe a gaban jama'a ka ce: "Malam, tunda waɗannan ma'adanan sun kasa tsai da shawara, a kanga musu babban maganaɗisu mana, kowa ya fuskanci gefe guda, a huta." Aka yi dariya, aka kira la'asar, ban samu na ba ka amsa ba.

Ka ɗauka kowane atam na irin waɗannan ma'adanai yana riƙe da 'yar kibiya, wato ɗan ƙaramin maganaɗisunsa, kuma ba ya son tasa ta kalli inda ta maƙwabcinsa ke kallo. In su biyu ne, ba rigima. To, zaunar da su uku kamar duwatsun murhu. Na farko sama, na biyu ƙasa, na ukun fa? Duk inda ya juya sai ya saɓa wa ɗaya. Tun 1950 masanin fizis Wannier ya lissafa cewa shimfiɗar irin waɗannan murahu ba ta samun tsari guda, ko da sanyi ya kai matuƙa, domin hanyoyin zama masu daraja ɗaya sun yi yawa.

Maganarka gaskiya ce, amma sai can a ƙarshen hanya, inda ƙarfin maganaɗisun naka ya rinjayi komai. Kafin a kai can ne abin kallon yake. Ƙarfi matsakaici ba ya murƙushe su, raba gardama yake yi. A ma'adanai irin Cs2CuBr4 da Ba3CoSb2O9, kibiyoyin kan koma biyu sama, ɗaya ƙasa, sai maganaɗisun ma'adanin ya cije a kan sulusin abin da zai kai in duk kibiyoyin sun kalli gefe guda. Kana ƙara ƙarfi yana nan daram, kamar direban danfo mai taka totur a cunkoson Oshodi, sai an wuce wani mizani ya sake motsawa.

Wanda ya fi burge ni shi ne Dy2Ti2O7, da ake kira ƙanƙarar kibiyoyi. Nan atam huɗu ne: duwatsun murhu uku da tukunya a bisansu. Dokarsu ita ce kibiya biyu su kalli cikin murhun, biyu waje, irin dokar da masanin kimiyya Pauling ya yi aiki da ita a 1935 kan ƙanƙarar ruwa. A 1999 Ramirez da abokan aikinsa suka auna rashin tsarin da ke saura a ma'adanin ko da ya yi sanyi ƙwarai, ya zo dab da lissafin Pauling. Yanzu kawo maganaɗisun naka. In ka saita shi ta wata fuskar, zama guda tak zai zaɓa, gardama ta mutu. In kuwa ka saita shi ta kan tukunya, ita kaɗai zai kafe, duwatsun uku su ci gaba da ja-in-ja cikin doka. Sai ƙarfin ya kusa tesla 1 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) dokar ke karyewa, a koma uku ciki, ɗaya waje, ko akasin haka. A 2008 Castelnovo da Moessner da Sondhi suka nuna cewa irin wannan murhun da ya karya doka yana yin tamkar maganaɗisu mai kai ɗaya, ba biyu irin wanda aka saba ba. Duk wannan fa ƙasa da kelbin 1 a ma'aunin zafi, wato dab da matuƙar sanyi, ake ganinsa sosai. Firijin mai ƙanƙara na kasuwar Mile 12 ko kusa bai je ba.

Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, ka zo da goro huɗu, ni zan zo da tsinken sakace, mu haɗa murhun da tukunyarsa a kan tabarma.

Yayanka, malamin fizis.