Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, ga waɗanda suka zo.

Abin farin cikinmu bana shi ne taransifoma. Kun san wahalar da tsohuwar mai 300kVA ta sha tun da aka ƙara injinan niƙa da shagunan walda a bakin kasuwa: da magariba ƙwai ya koma ja kamar garwashi, fis ya yi ta ƙonewa, fanka tana juyi da ƙyar. Ranar da aka sauke sabuwa mai 500kVA, matasa sun fito gayya tun da asuba, Mai Unguwa da kansa ya tsaya kan masu ginin dandamali. Da aka haɗa ta, injin markaɗe ya tashi lokaci guda da na walda, wuta ko gezau. Mata suka rangaɗa guɗa. Washegari aka sayar da ƙanƙara a garin nan, ba wadda aka ɗauko daga birni a buhu ba. Mun zagaye taransifomar da katanga saboda ɓarayin mai da kebur. Allah ya saka wa 'yan sintiri.

Sai maganar layin wutar tsallaken rafi, wadda ake ta jifanmu da ita. Ba mu manta ba. Falwayoyin katako gara ta cinye su, na siminti muke so, ga tsadar siminti da wayar alminiyam. Kuma a watan Oktoba, da aka lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta zauna cikin duhu, wa za ka tunkara da zancen kuɗin wuta?

Masu cewa wannan aikin kamfanin rarraba wuta ne, gaskiyarsu, haka ƙa'idar NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta ce. Mun rubuta takarda, mun bi sawu. Amma zama jiran amsa ba ya kunna ƙwai.

Kuɗin wata-wata kuwa, ko rabinmu ba su cika ba. Ni da ma'aji mun zama kamar masu bin bashi. Wani in ya hango babur ɗina sai ya sauya lungu, alhali firjinsa na kan sabuwar taransifomar. A WhatsApp kowa injiniya ne, ranar haƙa rami sai fuskokin da aka saba.

Littafin kuɗi yana hannun ma'aji, mai so ya duba. Masu bashi su biya kafin taron Janairu, da kuɗin za mu sayi falwayoyin farko.

Sakatare