Ƙwayar kanti ba ta kankare tsakuwar haƙori

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon fili a shafin wasiƙu kan wani talla da ya cika mana kunne a tashoshin mota da WhatsApp: wai ƙwayar "antiyoksidan" tana warkar da ciwon dasashi. Yayana ya sayi kwalba uku ya shanye. Har yau in ya yi asuwaki da asuba sai ka ga jini a bakin itacen, haƙoransa biyu na ƙasa kuma girgiɗi suke yi.

Abin haushin shi ne masu tallar ba ƙarya zalla suke yi ba, gaskiya suka gutsuro suka sa mata kuɗi. Ni malamin kimiyya ne a sakandare, ga kuma yadda nake nuna wa ɗalibaina. Yanka gauta ka ajiye, kafin ka gama alwala farin cikinta ya soma duhu. Iskar oksijin ce ta ci shi, kamar yadda take sa ƙarfe tsatsa. In ka matsa lemon tsami a kai, duhun sai ya yi jinkiri. To, makamancin haka ke faruwa a baki. Idan dauɗa ta taru a gindin haƙori, fararen ƙwayoyin jini sukan yi wa wurin ca, suna fesa sinadarai masu ƙuna irin su haidirojin feroksaid don kashe ƙwayoyin cuta. Da yaƙin ya daɗe, feshin ba ya sanin baƙo ba ya sanin ɗan gida: ya cinye zaruruwan da ke riƙe haƙori, ya gangara har ƙashin muƙamuƙi. Jiki na da masu kashe wannan gobara, su ne ake kira antiyoksidan, irin su bitamin C da E da gulutatayon da wasu da ke cikin yawu, kuma bincike ya sha nuna cewa sukan yi ƙasa a jikin masu ciwon dasashi. Sigari da ciwon suga suna daɗa ƙarar da su. Shi ya sa a Amurka ake ƙara wa mai shan taba miligiram 35 na bitamin C a rana, a kan 90 ɗin da aka ƙayyade wa namiji baligi. Yayana kuwa sigari da ciwon suga duka biyun ya haɗa.

Amma daga dauɗa wutar ke tashi. In ta daskare ta zama tsakuwa, asuwaki da buroshi ba sa fitar da ita, balle ƙwaya. Sai likitan haƙori ya kankare. Wanda ya bar wannan ya riƙe kwalba, ruwa yake yayyafa wa gobarar da ake tura wa kara. Bitamin C ɗin ma me ya kai mu kanti? Ga gwaiba, ga lemo, ga ɗanyen tumatir, ga garin 'ya'yan kuka da muke dama kwalba da nono da shi. Laifinmu dai mukan dafa ganye har ya mutu murus, zafi kuwa lalata bitamin C yake yi.

A rahotonta na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum biliyan 1 ke fama da ciwon dasashi mai tsanani, amma mu nan sai haƙori ya hana barci muke tunawa da asibiti. Don Allah ku nemo likitan haƙori ya yi mana bayani da Hausa a wannan jarida, ko Yaya ya ji daga bakin wanda ba ƙanensa ba. Ranar Litinin nake son kai shi, sai dai har yanzu ya kafe a kan cewa kankarar da likita ke yi ce ke sassauta haƙori.

Naku,
Wani malamin makaranta, Zariya