Kokenmu kan dagwalon masan asibiti da ake juye mana a fadama

Zuwa ga Mai Girma Hakimi, ta hannun Mai Unguwa.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamaninka. Mu talakawanka ne mazauna bakin fadama nan gefen garin Bauchi, kuka muka kawo kan tankar kwasar masai da ke ɗebo dagwalon wani asibiti tana juye mana a kwari, yawanci bayan isha'i in sawu ya ɗauke.

Warin ma wallahi mun haƙura da shi. Abin da ya tada mana hankali, 'yarmu da ke aikin nas ta ce majinyaci in an ba shi antibayotik irin su cipro da ja-da-yalo jiki ba ya cinyewa duka, saura na fita ta fitsari da bayan gida ya maƙale a lakar masai ya daɗe bai lalace ba, to ƙwayoyin cutar wurin kullum suna lasar maganin kaɗan-kaɗan har su saba da shi, ran da suka shiga cikin yaro sai a yi ta ɗirka mai allura kamar ba a yi. A 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 rashin jin maganin nan ya kashe a duniya, kuma nan Afirka ta Yamma abin ya fi muni.

Ranka ya daɗe, da dagwalon ya bushe ya yi baƙi sai 'yan lambu su zo da buhuna su kwashe wai taki, mu dai ba mu ga laifinsu ba, kowa ya san kuɗin buhun takin zamani yanzu. Amma fa latas da karas ake zuba wa, abin da ɗanye ake ci. Damina na sauka kuma ruwa zai kwaso shi ya yo rijiyoyinmu, ga awaki na sha, ga yara na tsalle ciki, mu da ba mu manta kwalarar 2021 ba.

Roƙonmu ka sa baki a tsayar da juyewar nan kafin ruwan farko, a kira shugabannin asibitin da mai tankar gabanka, a rubuta wa BASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Bauchi, ta turo a ɗebi ruwan rijiyoyin da ƙasar lambun a gwada, a gaya mana sakamako da Hausa. Ba faɗa muke da asibitin ba, can muke kai matanmu haihuwa, wuri kawai za a ware nesa da gidaje da ruwa a riƙa sarrafa abin. 'Yan lambun ma a sa su a zaman, kar su ji daga sama.

Sa hannunmu na bayan takarda, waɗanda ba su rubutu sun dangwala.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.