Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana: Farin Ciki Ba Ya Samuwa Daga Zaune

Kaltungo, Jihar Gombe.

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da aiki, da zaman Bauchi. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya ga Allah.

Maganar da ka yi mini a waya ce ta sa na zauna rubuta maka wannan. Ka ce ka gaji, albashin koyarwa ba ya kai ka ƙarshen wata, waɗanda kuka yi bautar ƙasa tare wasu har sun sayi mota. Sa'an nan ka rufe da cewa farin ciki rabo ne, in Allah ya rubuta maka zai iske ka har ɗaki, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Ban amsa maka a ranar ba, domin na ji a muryarka cewa kunne kake bukata, ba gardama ba. Wahalar da ka faɗa gaskiya ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da mudun masara sun nuna wa kowa iyakarsa, mu ma nan gida muna ji a jikinmu. Amma ƙarshen maganarka ban yarda da shi ba, kuma uba ba ya jin ɗansa ya ɗauki irin wannan ra'ayi ya kame bakinsa.

Buɗe Karin Magana sura 3, daga aya 13 zuwa 18. A can aka ce mai albarka ne, mai farin ciki ne mutumin da ya sami hikima, ya kuma sami fahimi. Ribarta ta fi ta azurfa da zinariya, tsawon rai yana hannunta na dama, wadata da daraja suna na hagu, hanyoyinta masu daɗi ne, dukan tafarkunta kuma salama ne. Ka ga Allah bai ji kunyar yi wa ɗan adam maganar farin ciki ba, shi ne ma ya nuna inda yake. To amma koma baya kaɗan zuwa sura 2 ka ga yadda ake samun wannan hikimar. Uban da ke magana a wurin ya ce wa ɗansa ya karɓi maganar, ya adana ta, ya kasa kunne, ya ɗaga murya ya kira fahimi, ya neme ta kamar yadda ake neman azurfa, ya tona kamar mai tonon ɓoyayyiyar dukiya. Nuna mini inda aka ce ya zauna a ɗaki ya jira.

Ayuba sura 28 ta ƙara fito da abin fili. Ta kwatanta masu haƙar ma'adinai, yadda suke tona rami nesa da gari, su sauka da igiya suna lilo cikin duhu, su fasa dutse, su bi hanyar da ko shaho bai taɓa gani ba. Kai da kake Bauchi ba sai an yi maka dogon bayani ba, ka ga masu haƙar kuza a wajen Toro da Tilden Fulani, yadda suke fitowa jikinsu duk laka saboda abin da bai cika kwano ba. Ba wanda ya taɓa ce musu kuza rabo ce, su zauna ta zo. Ayuba ya ce ɗan adam ya iya wannan wahala duka saboda ƙarfe da zinariya, amma hikima fa, ina ake samunta? Ya ba da amsa a aya 28, cewa tsoron Ubangiji shi ne hikima, rabuwa da mugunta kuma shi ne fahimi.

A nan nake so ka natsu, domin nan ne samari da yawa suke ɓata hanya. Abin da aka ce ka haƙa hikima ce. Shi farin cikin yana tafe ne a bayanta. Wanda ya bar hikima ya tasam ma farin ciki kai tsaye, an riga an gwada masa hanyar an rubuta sakamakon. Karanta Mai-Wa'azi sura 2. Mutumin ya ce bari ya gwada jin daɗi ya gani. Ya gwada dariya da ruwan inabi, ya gina gidaje, ya dasa gonakin inabi da lambuna, ya haƙa tafkuna, ya tara bayi da garkuna da azurfa da zinariya da mawaƙa, duk abin da idonsa ya so bai hana shi ba. Da ya waiwaya ya dubi aikin hannunsa, sai ya ce duk banza ne, harbin iska ne kawai. Wannan sarki ne mai abin da ni da kai ba za mu taɓa riƙewa ba. In gidaje da garkuna ba su ƙosar da shi ba, motar abokinka ba za ta ƙosar da kai ba.

Kada kuma ka ɗauka ina ce maka ka rungumi baƙin ciki. Akwai masu bi da suke tsammani ɗaure fuska shi ne tsarki, ni kuwa ban ga wannan a Littafi Mai Tsarki ba. Shi wannan Mai-Wa'azin ya faɗa, ya kuma maimaita, cewa mutum ya ci, ya sha, ya ji daɗin aikinsa, wannan kyauta ce daga hannun Allah. Tuwon da ka ci da guminka, barcin da ka yi ba mai bin ka bashi, ɗalibin da ya gane lissafi a hannunka, duk an ba ka ne domin ka ji daɗinsu yau. Haka kuma ina so ka yi hankali da masu wa'azin da ke cewa ka ba da baiko mai kauri, kafin wata ya mutu za ka ga mota a ƙofar gidanka. Su da mai cewa rabo ne a zauna, abu ɗaya suke yi maka, suna ɗauke ka daga aikin tunani da Allah ya ba ka. Da Allah ya bayyana ga Sulemanu cikin mafarki a Gibeyon ya ce ya roƙi abin da yake so, zuciya mai ganewa ya roƙa, domin ya iya rarrabe nagarta da mugunta. Allah ya ji daɗi da bai roƙi tsawon rai ko dukiya ko ran maƙiyansa ba, ya ƙara masa da abin da bai roƙa ba. Yana nan a 1 Sarakuna sura 3.

Hikimar da ake magana kuwa ba digiri ba ce, ko da yake ina alfahari da naka. Tana farawa da tsoron Allah, ta sauko har tafin hannu. A Fitowa sura 31, Bezalel ne aka ce an cika shi da Ruhun Allah da hikima, aikinsa kuwa ƙira ne da sassaƙa. Ishaya sura 28 ta ce Allah ne ke koya wa manomi lokacin da zai daina huɗa ya yi shuka, da irin da ake bugawa da sanda da wanda ake sussukawa da abu mai nauyi. Yusufu, da aka ce ba mai hikima kamarsa a Masar, me ya yi? Ya sa a ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekaru 7 na ƙoshi, domin shekaru 7 na yunwa.

Saboda haka mu zo kan kuɗi, tun da nan ne ciwon yake. Samo ɗan littafi ka riƙa rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, har kuɗin data da na keke. Wanda bai san inda kuɗinsa ke zurarewa ba, ko an ninka masa albashi kukan bai ƙare ba. Ka guji masu ba da rance ta waya, waɗanda in ka yi jinkiri sai su bi lambobin mutanenka suna tozarta ka. Karin Magana 22:7 ta ce mai cin bashi bawa ne ga mai ba da shi. Kada ka tsaya wa kowa a kan bashi don jin kunya, sura 6 ta ce wanda ya yi haka ya kuɓutar da kansa da sauri kamar barewa daga hannun maharbi. Cacar ƙwallo da ake yi a waya, da masu cewa ka zuba dubu goma ta haifi ashirin cikin sati biyu, ka bar su da mugun halinsu. Kana da wayo lokacin da MMM, wani tsarin zuba kuɗi na yaudara, ta rufe a watan Disamba na 2016, ka ga yadda mutane suka yi Kirsimeti da hawaye, cikinsu har da masu zuwa sujada kowace Lahadi. Ba bangaskiya suka rasa ba, fahimi suka ajiye a gefe. Karin Magana 13:11 ta riga ta ce dukiyar da aka samu a sauƙaƙe takan zube, amma mai tarawa kaɗan-kaɗan tasa takan ƙaru. Ni addu'ar Agur da ke sura 30 nake yi maka: kada Allah ya ba ka talaucin da zai sa ka yi sata, kada kuma ya ba ka wadatar da za ta sa ka ce wane ne Ubangiji.

Aikin da ke hannunka kuma kada ka raina shi. Ka shirya darasinka kamar mai duba makarantu zai shigo kullum. In akwai wata sana'a ko karatun kwamfuta da za ka ƙara da yamma, ka ƙara. Gwanin aikinsa a gaban sarakuna yake tsayawa, haka aka rubuta a Karin Magana 22:29, ni kuma na ga hakan da idona a cikin abokan aikina.

Akwai abin da ya fi damuna fiye da kuɗin. Na lura duk shawararka da tsaranka kake yi. Ka tuna da Rehobowam ɗan Sulemanu. Jama'a suka zo Shekem suka roƙe shi ya rage musu nauyin da ubansa ya ɗora musu. Dattawa suka ce ya sassauta, ya yi musu magana mai daɗi, za su bauta masa har abada. Samarin da suka tashi tare suka ce ya gaya musu ubansa da bulala ya hore su, shi da kunamai zai yi. Ya bi ta samarin, kabilu 10 suka ɓalle a kan amsa guda. Ɗan mutumin da ya fi kowa hikima ke nan, domin hikima ba a gadonta kamar gona. Ka nemi dattijo ɗaya a ikilisiyarku ta Yelwa, wanda ka ga gidansa a zaune yake, ba lalle mai kuɗi ba. Ka riƙa kai masa gaisuwa, ka yi tambaya, ka yi shiru ka ji. In ya faɗa maka abin da ba ka so, a nan ne amfaninsa yake.

Zama da maƙwabta ma hikima yake so. Kana aiki da Musulmi, kana saye a hannunsu a Wunti da Muda Lawal, wasu sun taimake ka fiye da 'yan'uwa. Ka san abin da garuruwanmu suka sha a kan magana guda da aka faɗa ba a auna ba. Amsa mai taushi takan kwantar da fushi. Yaƙub 3:17 ta ce hikimar da take daga sama tsattsarka ce, mai salama, mai sauƙin kai, mai jin shawara, cike da jinƙai. Ka auna abin da za ka rubuta a Facebook da wannan ayar kafin ka danna. Ka riƙe bangaskiyarka ba tare da tsoro ba, ka kuma riƙe harshenka.

Batun yarinyar da mahaifiyarka ta ce kana nema, za mu yi shi ido da ido. Kafin nan karanta 1 Sama'ila sura 25, ka ga yadda hankalin Abigail ya ceci gida guda daga takobin Dawuda bayan wautar mijinta Nabal. Ka dubi yadda yarinyar take magana in ranta ya ɓaci, ka kuma tambayi kanka ko ita ma za ta sami mai hankali a wurinka.

Ba zan ruɗe ka ba, ɗana. Hikima ba ta hana kuka. Ayuba adali ne, ya binne 'ya'yansa 10. Mai-Wa'azi da kansa ya ce yawan sani yakan ƙara baƙin ciki, domin mai ganewa yana ganin abin da wawa ba ya gani. Amma Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa cewa su yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, ya ce ya koyi zama da wadar zuci ko cikin ƙoshi ko cikin yunwa. Koya ya yi, yau da gobe, cikin duka da kurkuku da hadarin teku. Sulemanu kuwa, da karin magana 3,000 da waƙoƙi 1,005 da ya yi, da ya tsufa matansa suka karkatar da zuciyarsa ga gumaka. Ya san gaskiya, ya daina bin ta. Shi ya sa Ubangiji Yesu ya ce a Matiyu sura 7, mai hikima shi ne wanda ya ji maganarsa ya kuma aikata, shi ne ya yi gini a kan dutse, wawa kuwa ya yi nasa a kan yashi. Ruwa da iska sun bugi gidajen nan biyu duka, ɗaya ne ya tsaya.

Kakanka da girmansa ya shiga ajin koyon karatu. Bishara ta iso ƙasar Tangale a 1917, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, shi kuwa ya ƙudura sai ya karanta da idonsa, ba sai an karanta masa ba. Bayan ya dawo gona a gajiye yake zama gaban fitila yana haɗa baƙaƙe. Bai tara dukiya ba, amma har ya koma ga Ubangiji mutane suna kawo masa rigimarsu ya sasanta, kuma ban taɓa sanin mutum mai sakin fuska kamarsa ba. Kai Littafin yana cikin wayarka da Hausa da Turanci.

Ga abin da nake so ka yi. Karin Magana tana da surori 31, ka ɗauki sura ɗaya kowace safiya bisa ga kwanan wata, kafin ka buɗe WhatsApp. Ka zaɓi aya ɗaya da za ka aikata a ranar. Ka roƙi hikima a fili cikin addu'arka, domin Yaƙub 1:5 ta ce Allah yana bayarwa hannu sake, ba ya gori. Ni ma zan riƙa karanta surar ranar a nan, in mun yi waya ran Lahadi da yamma ka faɗa mini ayar da ta tsaya maka, in faɗa maka tawa. Ka kuma gaya mini dattijon da ka zaɓa, da ranar da ka fara rubuta kuɗinka.

Mahaifiyarka za ta aika maka da masara da gyaɗa ta motar Asabar, ka je tasha da wuri. Ta ce ka ɗiba wa mai gidan da kake haya. Ƙannenka suna gaishe ka, suna tambaya ko za ka zo Kirsimeti. Ka gaishe mini da Fastonku.

Ubangiji ya sa maka albarka, ya kiyaye ka.

Ni ne,
Mahaifinka.